Gadon da Yaya Ilu Bai Hau Ba

Ku da kuke ɗokin Abuja, ku matso ku ji. Ni kuɗin motata ma Yaya Ilu ne ya sayar da maraƙinsa ya ba ni, lokacin da farar hula suka dawo, ana cewa kuɗi a can kamar ƙasa. Ƙasar kam na sha ta. A Mararaba na kama ɗaki, gidan wata mata da Hausarta ba ta raba mace da namiji. Kullum sai ta tare ƙofa: "Malam, ke yana ƙarar mini da ruwa!" In ce, "Madam, alwala ce." Ta ce to in riƙa yin ta a masallaci.

Na samu aikin tura keken marasa lafiya a wani asibitin gwamnati. A nan na san Dakta Rabi, likitar ƙoda. Gajeriya ce, ga faɗa, amma ba ta taɓa wuce majinyaci ba ta tsaya ba. Daga waje ta dawo, don an yi mata alkawarin injinan wankin ƙoda. An kuwa kawo su, da ni aka sauke. Sai aka jera su da ledarsu, aka garƙame ɗakin. Wai sai minista ya zo ya yanka ƙyalle, "kwamishonin" suke ce wa abin, kamar sunan maganin tari.

Ana haka ƙafafun Yaya Ilu suka kumbura, aka kawo mini shi. Dakta ta ce ƙoda ce. Wanki a asibitin kuɗi kuwa, ko gonarmu aka sayar ba za ta kai shi damina ba.

Ta wuce ofishin shugaban asibitin, na bi ta na raɓe a ƙofa.

"Oga, a ba ni makullin nan, mutane na mutuwa."

"Dakta, yi haƙuri. Minista ba ya ga maciji da sanatan da ya kawo aikin. In na buɗe kafin zaɓe, wa zan ce ya buɗe?"

"Ka ce ni ce."

"Ke kina da fasfo. Ni kujerar nan kaɗai gare ni."

Da ta matsa, sai aka yi mata canji zuwa wani ɗan asibiti wajen Yangoji, inda ko wuta babu. Likitar ƙoda fa! Ba a jima ba Saudiyya suka ɗauke ta. Ranar sallama ta ce, "Haruna, ka yafe mini." Me zan yafe? Ni ma da ina da inda za ni, da na tafi. Na mayar da Yaya gida, kafin kaka ya cika.

Bayan zaɓe sabon minista ya zo da 'yan jarida. Ga injina, babu likita, babu majinyaci. Shugaban ya dube ni ya ce, "Kai kana da rama, hau gadon nan." Na hau. Aka manna mini roba a hannu, injin ko jona shi ba a yi ba. Aka yi tafi, minista ya dafa kaina ya ce Allah ya ba ni lafiya, na ce amin.

Ban ƙara wata a garin ba na tattaro na dawo. Amma har yau abin da ke cin raina, yara, katifar nan laushi gare ta. Yaya Ilu kuwa a kan tabarma ya cika.