Wayar Caji Ba Igiyar Guga Ba Ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Sadiya daga Kafin Hausa.

Maigidana ya sayi keke mai ƙafa uku na lantarki, yana cajinsa a tsakar gida da doguwar waya. Shi mutum ne mai son tsari, sai ya naɗe ragowar wayar kamar igiyar guga, ya rufe ta da tabarma kada awaki su tauna.

Rannan da hantsi ina tankaɗe, sai na ji ƙaurin roba. Na ɗaga tabarmar, wallahi wayar ba ta taɓuwa don zafi. Nan take na kashe soket.

Maigidan ya fito yana faɗa, "Ke me kika sani game da wuta?"

Na ce, "Malam, ban san wuta ba, amma na san ƙauri."

Da mai gyaran wuta ya zo, ya ce saura kaɗan gobara ta tashi, domin wayar siririya ce, ga naɗi ga rufi. Jama'a, ku sayi waya mai kauri, ku warware ta duka, kada ku rufe ta.

A gaishe mini da Malam, wanda yanzu ba ya jona keken sai ya ce, "Injiniya, zo ki duba."