Ragon da Ya Hana Ramatu Bursu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Hamisu Madina, jagoran ƙungiyar iyayen ɗalibai mazauna Yamai. Ya mai girma Kaftin Lawali Issoufou, wakilin hukumar soja kuma shugaban kwamitin rabon bursu. Malamanmu na jami'a da suka ƙetaro gada cikin wannan rana. Limamai da masu unguwannin Banifandu da Dar es Salam. Iyayenmu mata da ke zaune ta hagu. Ƴan kasuwa da teloli da direbobi da suka rufe wurin nema suka zo. Da ku ɗalibai, ƙannena, da kuka cika baya har bakin ƙofa: assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ina godiya ga Alhaji Hamisu da ya ba ni minti biyar, kuma ina neman afuwarsa tun yanzu, domin zan wuce su. Ina godiya ga Kaftin da ya yarda a yi zaman nan da Hausa, don iyayen da maganar ta shafa su ji da kunnensu, ba ta bakin tafinta ba. Ina kuma godiya ga sojojin bakin ƙofa, waɗanda suka caje ni sarai amma suka bar mini takardar da ke hannuna.

Sunana Dauda Zailani, mutumin Damagaram, shekarata goma sha ɗaya ina aikin gwamnati. Kowa ya san damanar bana ta ƙi, gero ya ƙone tun bai yi kai ba, dabbobi sun zube a hanyar kudu. Da aljihun gwamnati ya yi ƙasa, hukuma ta ce bursu, wato tallafin da ɗalibin jami'a ke ci da kwana da shi, ba na kowa ba ne kuma, sai wanda gidansu ba shi da hali. Ban zo in yi gardama da wannan ba, Kaftin. Ɗan mai kanti uku a babbar kasuwa bai kamata ya ci rabon ɗan makiyayi ba. Mu shida aka tura ƙauyuka mu ga halin gidaje da idonmu, ni aka ba ni jihar Tawa. Jibi Alhamis za a rufe jerin sunaye, wanda ba ya ciki ya kwashe kayansa daga ɗakin kwana na jami'a.

Jiya shugabana na biro, wato ofishinmu, ya kira ni ya ce, "Dauda, bakin nan naka zai sa a jefa ka Bilma, can ƙuryar hamada." Na ce masa na ji. Matata Hadiza ta goge mini rigar nan ta miƙo. To, ga ni.

Magana ta farko, abin da na aikata ne.

Akwai wata ɗaliba a shekara ta biyu ta karatun likitanci. Zan kira ta Ramatu, ba sunanta ba ne. Mahaifinta kuwa zan kira shi Baba, kamar yadda na kira shi a gidansa, kuma ba zan faɗi garinsu ba. Da izininsa nake wannan magana, bisa sharaɗin nan.

A watan jiya na isa garin da hantsi, ni da direbana Mutari. Ashe tun kwana biyu sarkin kanto, hakimin yankin, ya aika cewa baƙon gwamnati na tafe gidan wane. Na tarar an share ƙofar gida, an shimfiɗa darduma. Dattijo ya fito, dogo, da babbar riga mai aiki da rawani fari tas, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Kafin mu gama gaisawa na ji an kayar da rago a bayan danga. Da azahar aka kawo tuwon gero da nama, wallahi irin tuwon da na yi wata uku ban gani ba ko a Yamai. Na ce, "Baba, bismillah." Ya ce shi azumi yake. Na ci, jama'a. Na ci na ƙoshi, har aka ƙulle mini cinya a takarda na sa a mota.

Sannan na ɗauko takardar bincike. Tana tambaya rumbu nawa: na ƙirga uku, manya, kowanne an liƙe bakinsa da laka. Tana tambaya dabbobi nawa: na ƙirga awaki goma sha bakwai a garke. Na ce, "Baba, yaya aka ji da shekara?" Ya kira ni da "mushe", yadda ake kiran ma'aikacin boko da Faransanci, ya ce, "Alhamdulillahi, mushe, asirinmu a rufe." Na ce, "Abinci fa?" Ya ce, "Mun gode Allah." Haba jama'a, ku gaya mini, wane dattijon ƙasar nan ne zai amsa wa baƙo da wani abin da ba wannan ba? Ubana ma haka yake amsawa, ko da ruwa ya kwana. Na san wannan tun ina yaro. Amma na karanta boko, na riƙe biro, sai na rubuta gaisuwa a gurbin shaida. A layin ƙarshe na sa: gida mai hali, bai cancanta ba.

Mutari bai taɓa shiga lakkol ba, ko aji ɗaya na boko bai yi ba, amma a hanyar dawowa ya ce mini, "Mushe, awakin nan ba na gida ɗaya ba ne fa. Tsagar kunnensu ta bambanta, kuma kowace sai jan igiya take tana kuka tana duban wani gida." Kun san abin da na ce masa? Na ce ya kula da hanya, aikinsa tuƙi ne.

Mako biyu bayan haka aka manna sunaye a jami'a. Washegari Ramatu ta zo biro ta tsaya a gaban teburina. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Ta dube ni ta ce, "Mushe, naman ya yi daɗi?"

Ita ta ci gaba. Ragon na Inna Lami ne, wata tsohuwa maƙwabciyarsu da mijinta ya rasu, kuma shi ne namiji na ƙarshe da ya rage a garin. Awakin daga gida bakwai aka tattaro su da asuba, kowa ya kawo abin da ya rage masa, don kada baƙon gwamnati ya ga garken Baba wayam. Rigar ta liman ce. Tuwon kuwa, Allah ya yafe mini, geron iri ne, wanda aka ɓoye a tulu don shukar baɗi. Mutanen gidan kuwa anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci, suke jiƙawa su ci tun kafin kaka. Wannan dattijo, lokacin farin shekarar saba'in da uku, yana da shanu sittin, unguwa guda ta ci daga rumbunsa har ruwa ya sauka. Mutanen garin ba su manta ba. Da suka ji gwamnati za ta zo ta dube shi, abin da suka sani shi suka yi, suka rufa masa asiri. Ba wanda ya gaya musu cewa a wannan karon rufin asirin shi ne zai kori ɗiyarsa daga karatu.

Ban yarda nan take ba, ma'aikaci ba ya son a ce ya yi kuskure. Na shiga kamiyo, babbar motar kaya, da kuɗin aljihuna na koma. Na roƙi tsani, na yi abin da baƙo ba ya yi, na hau rumbun mutum na fasa lakar. Na leƙa na farko, na leƙa na biyu, na leƙa na uku. Ko ɓera ba ya ciki. An liƙe su ne don kada mai wucewa ya gani. Na kwana biyu a garin, kuma a kwana biyun nan ban ji ƙarar turmi ko sau ɗaya ba. Da na sauko daga tsanin, Baba yana tsaye, ya juya mini baya yana duban gabas, don kada mu haɗa ido.

Magana ta biyu, ita ce ƙa'idar gyara.

Na dawo na ce a soke rahotona. Aka ce mini rahoton da aka buga wa hatimi ba ya sokuwa da bakin wanda ya rubuta shi. Hanya ɗaya ce: uba ya zo da ƙafarsa gaban kwamiti, da shaidu biyu, ya faɗa da bakinsa cewa shi matalauci ne, ba shi da abin ciyar da iyalinsa. Kaftin, na san dalilin wannan ƙa'ida. An yi ta ne don maƙaryata, kuma akwai su, na gan su. Na ga mai motoci biyu ya sa tsumma ya zo biro yana share hawaye. Amma ku duba wanda ƙa'idar ke tarewa da wanda take bari ya wuce. Marar kunya zai faɗi kalmar nan sau goma kafin la'asar, ya karɓi hatimi ya tafi yana dariya. Mai kunya zai gwammace ya mutu a ɗakinsa. Mun kafa ƙofa wadda maƙaryaci ke shiga a miƙe, mai gaskiya kuwa sai ya tuɓe rawaninsa ya ja ciki. Wannan ba shi ne nufin hukuma ba, na tabbata, amma shi ne abin da ke faruwa.

Kuma kada ku ɗauka gida ɗaya ne. Gida arba'in da ɗaya na shiga a jihar Tawa. Ashirin da tara na rubuta musu masu hali. A duk ashirin da taran nan an ba ni abinci, kuma a duka na ci. Ban san nawa ne irin gidan Baba ba. Wallahi ban sani ba, kuma rashin sanin nan shi ke hana ni sukuni. Abokan aikina biyar da suka je Maraɗi da Damagaram da sauran jihohi, su ma ba da azumi suka je ba.

Ku ɗalibai na baya, ina jin gunaguninku. Ku yi shiru, don Allah. Ba taron jifa muka zo ba, kuma duk wanda ya ɗaga murya yau ya ba da dalilin a tashi zaman, Ramatu ce za ta biya. In zagi kuke so ku yi, ga ni nan, ku same ni a waje.

Magana ta uku, roƙo ne, kuma ga Kaftin nake yin sa.

Ina roƙon a ɗaga ranar Alhamis da mako biyu. Ina roƙon a sake duba gidajen nan, ba tare da an aika sanarwa ba, kuma a tura mace cikin masu binciken, domin mace za ta shiga madafa ta ga abin da ke cikin tukunya, mu maza a zaure ake tsare mu da darduma. A tambayi mata a bakin rijiya. A saurari turmi da safe. Ina kuma roƙon a karɓi shaidar maƙwabta a asirce a madadin furucin uba. In kuwa dole sai wani ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin kunya, to ni na cancanta, kuma na faɗa: ni Dauda Zailani, na ci irin shukar mutane, na rubuta ƙarya da hannuna, an gargaɗe ni na ƙi ji. A rubuta wannan a dosiyena, cikin takardun aikina, a yi mini hukuncin da ya dace.

Saura abu ɗaya, kuma ina roƙon kada kowa ya waiwaya.

Baba yana cikin zauren nan. Kwana uku ya yi a saman buhunan albasa kafin ya iso Yamai, ba wanda ya kira shi. Yau da safe ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Mushe, na ji abin da ake so. Shekarata saba'in ban taɓa faɗin kalmar nan ba, amma karatun ɗiyata ya fi rawanina. Zan faɗa. Abu guda nake roƙo: kafin in buɗe baki, ka fitar da ita daga ɗakin."

Kaftin, ita ma tana nan, cikin ƴan'uwanta ɗalibai. In ƙa'ida ta tsaya yadda take, yanzu zan sauka daga nan in ce mata ta fita, ta ratsa ta tsakiyar jama'a, kowa ya ga fuskarta, sannan dattijo ya miƙe. In kun karɓi maganata a madadin tasa, kowa zai tashi tare, su fita cikin mutane ba wanda ya san su. Alƙalamin yana gabanku. Ni ban isa in ce ku ɗauka ba.

Ramatu, ƙanwata, zauna tukuna. Baba, don girman Allah, kada ka miƙe sai Kaftin ya yi magana.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya sanyaya zukatansu a kan talakawa. Allah ya saukar mana da damana mai albarka, ya mayar wa Inna Lami da mutanen garin nan fiye da abin da suka fitar. Allah ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya rufa wa iyayenmu asiri duniya da lahira, kada ya sa mu ƴaƴansu mu zama masu tona shi.

Na gode.