Na'urar da Inna Ke Jira

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni manomi ne daga Kurya Madaro.

Rannan a rediyo kun yi bayanin na'urar rada, wadda masana ke hango hadari da ita tun yana nesa. Inna, mahaifiyata, kunnenta ya yi nauyi, sai ta ji "haɗari". Ta tashi zaune: "Alhamdulillahi! Ashe za a riƙa hango 'yan bindiga kafin su iso!"

Na kasa gaya mata girgije kurum na'urar ke gani.

Ruwan da kunka ce za a yi ya sauka. Amma irin gerona na cikin buhu, don ba mai iya zuwa gona. Ciyawa ke shan ruwan.

Kullum Inna na tambayata yaushe na'urar za ta iso garinmu. Malam, don Allah mi zan ce mata?