Lambar da ke Bangon Ɗakin Sama

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, dattawan kwamiti, Malama mai koyar da lissafi, iyaye, da maƙwabtana na layin tayil da suka zo don lemo, ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake an ba ni ita bayan an gama yanke hukunci.

Mun taru ne mu sallami Malama, domin kwamiti ya ƙudurta mayar da ɗakin sama, inda take koyar da 'ya'yanmu bayan la'asar, wurin ajiyar kaya.

Da farko, wanda bai taɓa hawa benen ba ya hau kafin mai fenti ya zo. A bango akwai lamba, 720,720. Malama ce ta rubuta ta, ta ce yara su nemo duk lambar da za ta raba ta ba saura. Ni da na tsufa a rabon kaya ban taɓa ganin mai sauƙin kai irinta ba. Ku raba ta biyu, ta rabu. Ku raba ta bakwai, ta rabu. Tun daga ɗaya har sha shida ba ta musu da kowa. Sai a sha bakwai take turjewa, ta bar biyar a ƙasa.

Na biyu, 'yar autata ce ta kwance mini cikin lambar: biyu guda huɗu, uku guda biyu, sai biyar, bakwai, sha ɗaya da sha uku, ana ninka wannan da wancan. Waɗannan, in ji ta, su ne masu taurin kai, ba mai raba su sai ɗaya da su kansu. Na ce ashe akwai 'yan kwamiti a lissafi. Malama ta ce masu raba lambar nan guda ɗari biyu da arba'in ne, amma ta ƙi faɗar su, kuma yaran ba su gama tono su ba.

Na uku, shugaba, ka ce katan-katan ba su da wurin kwana. Gaskiya ne, har da nawa. Amma ranar ƙuri'a hannuna na cikin aljihu, naku na sama, kuka rinjaye ni. Malama kuwa ba ta roƙi kowa ba. Abin da ta ce maka kawai shi ne, "Alhaji, a bar su su ƙarasa mana."

Ba a bar su ba. Bayan shagona zai ɗauki benci biyu, ta kuma yarda ta riƙa zuwa. Sauran yaran da ba za su samu wuri ba, ku da kuka ɗaga hannu ku gaya musu da bakinku. Ni ba zan iya ba.

Allah ya saka wa Malama da alheri, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode.