A Sassauta Tsirkiyar Molon Nan

Shugaban hukumar gidan adana kayan tarihi, ranka ya daɗe. Darakta, manyan malamai da abokan aiki. Yaya, maiɗakin marigayi, da ku 'ya'yansa. Assalamu alaikum, ya ƙarin haƙurinmu.

Ni aka zaɓa in yi magana a madadinmu, ma'aikatan ɗakin ƙasa, domin shekara goma sha tara na yi ina riƙe wa Malam makirufo. Na zo da jawabi mai laushi, shafi uku. Da na shigo zauren nan na ga abin da ke kan teburin can, sai na ninke shi na cusa a jaka. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Malam ya kasance mai gyaran tsofaffin kayan kiɗa, mai auna muryarsu. Zai ɗauki 'yar gudumar roba da ba ta kai cokalin shayi ba, ya ɗan ƙwanƙwasa jikin ganga sau ɗaya, ni in naɗi sautin mu duba zanensa a kwamfuta. Sau da yawa kafin kwamfutar ta gama lissafi ya riga ya nuna mini inda katakon ya tsage. Muna tsokanarsa da Mai Kunne, shi kuma ya ce mu kurame ne masu digiri.

Ya kasance mafaɗaci, kada mu yi masa ƙarya don ba ya nan. Ya taɓa korata daga ɗakin saboda na shiga da shayi mai tururi, ya bi ni har ƙofa yana sababi.

Ya kasance mai naci. Da na'urar daidaita danshi ta lalace, wasiƙa goma sha ɗaya ya kai ofishin Darakta da ƙafarsa, kullum sai a ce ana dubawa. Wata takwas yana sauka da bokitan ruwa, yana shanya jiƙaƙƙun tawul don kada fatun ganguna su bushe, ga ciwon ƙirji na cinsa. Mu ma ba mu tsira daga laifi ba, domin muna kallo muka yi shiru.

To, ga molon can. Ya haura shekara ɗari da hamsin. Malam ya auna shi, ya gano tsaga a cikin sandarsa, siririya kamar gashi. Ya rubuta baƙi da fari cewa in aka ɗame tsirkiyarsa aka kaɗa, sandar za ta karye, kuma ba mai iya ɗora ta. Shekara ashirin yana kwance da tsirkiya a sake. Yau, wata guda da rufe Malam, an fito da shi tun safe, an ɗame shi, an ajiye gaban taga rana na dukansa, fanka na busar da shi. Takardar shirin taro kuma ta ce bayan jawabina za a kaɗa shi, wai don girmama marigayi. Wace irin girmamawa ce wannan? Darakta, rahoton yana cikin kabad ɗinka, shafi huɗu ne kacal.

An ce mini jama'a na da haƙƙin jin muryarsa. Gaskiya ne, Malam ma bai taɓa musu ba. Shi ya sa ya ɓata shekara bakwai yana sassaƙa wani irinsa, ya auna, ya kankare, ya sake aunawa, har zanen sautinsu ya hau kan juna. Ranar ya sa sabuwar riga, ya aika a gayyato manya su ji. Matakala ashirin da biyu ce tsakaninmu da ku, amma ko mutum ɗaya bai sauko ba. Sabon molon na can rataye a bayan ƙofa.

A asibiti ya kama hannun rigata ya ce, "Ƙanwata, in na tafi za su so su ji shi. Kada ki bari." Na yi dariya, na ce haba Malam, wa zai yi wannan ɗanyen aiki. Ashe ya fi ni sanin mutanensa.

Makaɗi, ɗan'uwa, kai ba ka da laifi, kiranka aka yi. Ga makulli, sauka ka ɗauko sabon, ka kaɗa mana har hannunka ya gaji. Yaya, ki yafe mini, na hargitsa miki taro. Shekara da shekaru kina jiran mijinki abinci na hucewa saboda wannan itacen, ba zan bari ya karye a gabanki ba. Ku kuma 'ya'yana, ku ɗaga kai, ubanku ya yi aikinsa har ƙarshe.

Na gode wa duk wanda ya tako ya zo. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Mu kuma Allah ya ba mu kunyar taɓa amanar da ya bari. Amin.

Ranka ya daɗe, umarni a bakinka yake. A ja labulen, a kashe fankar, a sassauta tsirkiyar. Kafin nan ina nan tsaye, jawabina bai ƙare ba.