Sunana Ya Je Dakar, Ni Ina Cikin Rumbu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe Mai garin Gidan Sanda, Baba Mamman, shugaban wannan taro kuma ƙanen mahaifina, Allah ya gafarta Liman da sauran malamanmu, babban baƙonmu, mai duba lakol, wato makarantun boko, na wannan yanki, wanda gwamnatin mulkin kai ta aiko mana, dattawan gari, 'yan uwanmu na ruga, da Baffa Giɗaɗo a gabansu, baƙinmu na Gangara, iyayenmu mata da ke bayan danga, waɗanda ba mu ganinsu amma babu abin da ke wuce kunnensu, jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana ranar da Nasara ya naɗe tutarsa ya tafi. Ina gode wa samarin da suka share dandali, da matan da suka dama furar baƙi. Ina kuma gode wa Baba Mai gari da ya zaɓe ni, ni Balarabe ɗan Dalhatu, in yi wa baƙo maraba. Ban sani ba ko don na iya magana ne, ko don ya san abin da ke cikina, yana so ya ga yadda zan haɗiye shi a gaban mutane. To Baba, ka yi mini gafara, yau ba zan haɗiye ba.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Lakol guda gwamnati za ta gina a wannan ɓangare. In muka kawo yara suka cika aji, a nan za a gina ta. In ba mu kawo ba, a kai ta garin Cadawa. Abin da baƙo ya zo gani ke nan da idonsa. Ni kuwa na zaga gari da safe, na ga awaki, na ga kaji, na ga tsofaffi, amma yara sai ka ce ƙasa ta haɗiye su. Na san inda suke, domin ni ma na taɓa zama a can.

Magana ta farko ke nan, kuma tsohon labari ce. Shekarar da kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin nan, ya aiko jandarma bisa dawakai, ya ce kowane mai gari ya ba da ɗansa guda a kai shi lakol, mahaifina ne ke kan buzun sarauta. Gari ya ɗauka da kuka, aka ce duk yaron da ya shiga lakol ya bar salla, ya bar gona, ya bar uwa da uba. Gogo Yelwa, 'yar uwar mahaifina, Allah ya jiƙanta, ta sungume ni ta jefa cikin rumbun gero, ta mayar da murfi, ta ce, "Ko ka ji ana kiran sunanka kada ka amsa." Na zauna cikin damman gero, ƙaiƙayi na cin wuyana, na kuwa ji an kira sunana. Mahaifina ne ya kama hannun Sajo, ɗan Baffa Giɗaɗo mai kiwon shanunmu, ya miƙa shi ga jandarma ya ce, "Ga ɗana Balarabe." Ba a tambayi Baffa ba, domin a wancan zamani daga bakin danga yake tuɓe takalmi in zai gaida mahaifina. Da aka fito da ni sai guɗa, mata suna taya uwata murna an tsirar da ɗan gida, a ruga kuwa ana kuka.

Jama'a, wannan Sajon shi ne baƙonku. Ga shi nan bisa kujera, ya ɗara buzun Mai gari tsawo. Har yau a buro, wato ofishin gwamnati, Mushe Balarabe Dalhatu ake kiransa, Mushe kuwa shi ne Malam a bakin Nasara.

Magana ta biyu ita ce wadda ake so in ɓoye. Ina kishinsa. Wallahi ina kishinsa, kishin da ke hana ni jin daɗin tuwo. Sunana ya je Maraɗi, sunana ya je Yamai, sunana ya ga teku a Dakar, ni kuwa mai sunan ban wuce kasuwar Gazawa ba. Sunana yana shiga mota, ni ina bin jaki. Jandarma na ƙame wa sunana, ni in na je buro sai a ce in jira a rana. Bara na tsaya a ƙofar wani buro, mai gadi ya tambaye ni ko ni wa ne, na faɗa masa, ya dube ni tun daga rawani har faso, ya yi dariya ya ce, "Malam, nemi wani sunan, wannan da mai shi." Ku yi dariya, ba komai, ni ma na yi a wurin, sai da na kama hanya idona ya cika. Tare muka yi wasan langa da Sajo, ban taɓa barinsa ya ka da ni ba, kuma na riga shi sauke izu a makarantar allo. Bai fi ni kai ba, shi ma ya sani.

Magana ta uku daga bakinsa na samo ta, kuma ita ta sa na tsaya a gabanku. Jiya da la'asar ya zo har gonata, na faɗa masa duk abin da kuka ji, ina jiran ya ce mini rabo ne. Bai ce ba. Ya ce a Dakar akwai wani ilimi da ake kira ilimin zaman jama'a, aikinsa duba yadda gari ke jera mutanensa: wa ke hawa buzu, wa ke zama tabarma, wa ke durƙusawa a ƙasa, kuma wa ya tsara hakan. Ya ce, "Balarabe, ba jini ne ya sa ubana tuɓe takalmi ba. Ku ke da ƙasa, ku ke da rijiya, ku ke da sarauta, kuma kuna gadar da su ga ɗiyanku kamar yadda ake gadar da gona. Sai aka buɗe wata sabuwar ƙofa, wato lakol, bayanta buro. Kuka ɗauka azaba ce, kuka tura wanda kuka fi rainawa."

Na ce to, yanzu da Nasara ya tafi ai komai zai koma wurinsa. Ya girgiza kai ya ce, "Ba zai koma ba. Mu da muka shiga buro, ɗiyanmu suna lakol tun yanzu. Za su auri juna, su haifi masu buro, su riƙe ƙofar kamar yadda kakanninka suka riƙe rijiya. Yau a buɗe take don ƙasa na neman ma'aikata, amma ba za ta daɗe a haka ba." Na tambaye shi ɗiyansa nawa ke lakol, ya ce duka, har matan. A nan kishina ya ƙaru, domin na gane ba ni kaɗai aka rufe cikin rumbun nan ba, har da jikokina da ba a haifa ba.

Saboda haka ina roƙonku, ya dattawa. Ina roƙonku, ya iyayenmu na bayan danga. Na ji ana raɗa cewa a sake yin dabarar da, a tattaro yaran ruga da na barori a cika aji da su. Yaran ruga su zo, jikokin Baffa Giɗaɗo su zo, haƙƙinsu ne, kuma wannan karon a tambayi iyayensu. Amma su zauna kusa da namu, kada su zauna a madadin namu. Mai tsoron salla, ga Sajo nan, a sahun gaba ya yi azahar ɗazu. Mai tsoron gona, ai lakol ba ta cin damina. In kuka bari aka kai ta wajen Cadawa, ɗiyanku za su tsaya a rana a ƙofar ɗiyan Cadawa, suna faɗin sunan kakanninsu ga mai gadin da bai taɓa jin sa ba.

Ni dai rumbunana suna can a buɗe, na sauke murafensu tun da hantsi, kowa ya je ya leƙa, gero ne kawai. Ga ɗana Iro, ga ɗiyata Habi, ku miƙe a gan ku. Sajo, ɗan Baffa, sunan da aka ɗora maka da ƙarfi ka riƙe shi, ka sha bulalar mushen lakol dominsa, ni ban sha ba. Ban yafe wa kaina kishi ba, kuma ban yi alkawarin dainawa ba. Abu guda nake nema: ranar da za a kira Habi Balarabe a cikin aji, wadda za ta amsa ta kasance ita ce.

Allah ya jiƙan Gogo Yelwa da mahaifina, sun yi ne don ƙauna. Allah ya saka wa Baffa Giɗaɗo da haƙurin da ya yi. Allah ya ja zamanin Mai gari, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da sabuwar ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Wanda kuma ya isa gida, ya fara da ɗaga murfin rumbu, ƙaiƙayi na cin yaran nan.

Na gode.