Gurun da Na Kwance a Ƙofar Ɗakin Hoto

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu, 'yan'uwa. Da ajami na fara rubuta wannan, don da shi hannuna ya saba, kafin a mayar muku da shi boko. Ku yi haƙuri da ni, ba na iya sauri.

Kun san ni, tela ne a unguwar Fezzan, dattijo a ikilisiya. Abin da ba ku sani ba, shekara goma sha ɗaya ina zama a gabanku da guru a ƙuguna.

A shekarun da garin nan ya rikice, mutum ya fita kasuwa bai san ko zai dawo ba, na je wurin wani mai magani. Ya ɗinka mini guru na fata, da zobban ƙarfe uku a ciki, wai ƙarfe ba zai taɓa ni ba. Ya ce ranar da na kwance shi, ranar zan mutu. Da shi nake wanka. Da shi nake raba Jibin Ubangiji. Matata Saratu kaɗai ta sani.

Gari ya lafa, ni ban lafa ba.

Bara ciwon baya ya kama ni, ya sauka ƙafar hagu. Taka keken ɗinki ya gagara. Wata huɗu ina kwance a ɗaki a gidana na unguwar Galtimari, ina ƙirga ƙusoshin silin. Likita ya ce sai an yi hoton MRI, wato na'urar maganaɗisu mai leƙa cikin jiki, kafin a san abin yi.

Mai aikin na'urar wata yarinya ce sa'ar 'yata Rifkatu. Ta zauna da takarda tana tambaya.

"Baba, an taɓa sa maka ƙarfe a jiki? Batirin zuciya? Ɓaraguzan bam?"

"Babu, 'yata."

"Agogo, makulli, kuɗin ƙarfe, duk a ajiye. Ba wani abu a ƙarƙashin riga?"

Na ce babu. Saratu ta dube ni, ta ce, "Baban Rifkatu."

Yarinyar ta ajiye biro. "Baba, maganaɗisun nan ba a kashe shi, ko an ɗauke wuta yana ja. Keken guragu ma fizgarsa yake. Ƙarfe a jikinka zai iya finciko ka, ko ya yi zafi ya ƙona ka, hoton kuma ya lalace. Ni ba ruwana da ko mene ne, kayan kakanni na gani iri-iri. Amma da shi ba ka shiga."

Ta ba ni rigar asibiti, ta tura ni ɗan ɗakin canja kaya.

'Yan'uwa, ɗakin nan bai kai faɗin teburin yankana ba. In na bar gurun, ba hoto, ba ƙafa. In na kwance, maganar mutumin nan tana kunnena. Zufa ta jiƙa ni. Durƙusawa ma ba na iyawa, sai na jingina goshi da bango na ce, "Yesu, na haɗa ka da wani. Ka gafarta mini. In mutuwa ce, in mutu a hannunka kai kaɗai."

Ƙullin ya ƙi kwantuwa. Na leƙo na ce Saratu ta aro almakashi. Ita ta yanke shi.

Aka toshe mini kunnuwa, aka sa mini ƙwallon roba a hannu. Yarinyar ta ce, "In ka matsa zan ji, Baba. Kada dai ka motsa." Gadon na'urar ya zura ni cikin raminta, rufin dab da hancina. Ƙara ta tashi kamar maƙera ashirin. Ƙuguna wayam! Ina ta jiran mutuwa, ina maimaita Zabura ta ashirin da uku. Minti talatin ko fiye. Ban matsa ƙwallon ba.

Gadon ya fito da ni. "Baba, an gama. Ka fi samari natsuwa."

Da rai na fito! Halleluya!

Hoton ya nuna guringuntsi ne ya danne jijiya. Aka yi mini aiki, aka yi gashin ƙashi. Yau da ƙafata na hawo matakalan majami'ar nan.

Godiya ga Allah, wanda ya bi da ni ta ƙofar da ƙarfe ba ya wucewa. In an tura ku hoton nan, ku faɗa wa ma'aikata gaskiya duka. Wanda kuma yake da abin da ya ɗaure a ɓoye, ya dogara ga Yesu, ya zo mu yi addu'a. Almakashina yana aljihu. Amin.